Abincin Bakin Hanya: A Sa Masa Murfi, A Ba Shi Wurin Zama

 

A 'yan shekarun nan wani salon cin abinci ya bazu a manyan biranen duniya, wanda 'ya'yanmu mata suke gani a wayoyinsu, har sukan zo su tambaye mu ko mene ne shi. Mutum huɗu ko biyar ne za su shiga gidan abinci su zauna a teburi ɗaya. Maimakon a kawo wa kowa tasa cike da shinkafa, sai a yi ta jero musu 'yan ƙananan faranti, wannan loma uku, wancan loma huɗu, kowa ya sa hannu ya ɗanɗana, ana ci ana hira. In an tashi biya kuwa, abin da za a zube ya isa cefanen wani gidan na kwana da kwanaki. Sunan wannan abu tapas, kuma daga ƙasar Sifaniya ya fito.

Mun ɗauko zancensa ne yau domin akwai darasi a cikinsa wanda ya shafi uwargida da 'yarta, musamman waɗanda suke zaune a garuruwan bakin titi, inda abincin sayarwa shi ne babbar sana'ar mace.

MENE NE TAPAS?

Mutanen Sifaniya ba su cin abincin dare da wuri, sai wajen ƙarfe 9 ko 10. Saboda haka idan an tashi daga aiki da yamma, abokai ko iyali sukan fita su shiga wani ɗan shago su taɓa abu kaɗan, sa'an nan su wuce shago na gaba su taɓa wani. Abin da akan kawo musu ya haɗa da 'ya'yan zaitun, da cuku, da wainar ƙwai mai kauri wadda aka yi da dankalin Turawa, da soyayyen dankali da miya mai yaji, da jatan lande wanda aka soya da tafarnuwa, da ƙananan kifi, da dunƙulen niƙaƙƙen nama cikin miyar tumatir. A birnin Garanada har al'ada ce idan mutum ya sayi abin sha a ba shi ɗan farantin abinci kyauta, kamar dai yadda mai fura takan yi gyara.

Sai dai fa duk wadda Allah ya kai ta irin waɗannan wurare, ta buɗe baki ta yi tambaya kafin ta kai loma, domin busasshen naman alade yana daga cikin abin da suka fi alfahari da shi, kuma yawancin shagunan giya suke sayarwa. Matambayi ba ya ɓata.

'Yan makaranta da suka karanta tarihi sun san cewa Musulmi sun yi mulki a wannan ƙasa, wadda suke kira Andalus, tun daga shekarar 711 har zuwa 1492 da Garanada ta faɗi. Alamar wannan zama tana nan a cikin tukunyarsu har gobe. Sunan da suke kiran shinkafa, da mai, da sukari, da zaitun, duk daga Larabci suka aro, watau dai bakinmu ɗaya da su wajen faɗin sukari da zaitun.

Amma abin da ya fi jawo hankalinmu shi ne ma'anar sunan kansa. Kalmar tapa a harshensu murfi take nufi. Ana ba da labari cewa a zamanin da masu shago sukan ɗora yankan burodi a bakin kofin baƙo don kada ƙuda ko ƙura su faɗa ciki, daga nan murfin ya zama abin ci, har ya zama sunan abincin. Labarin asalin yana da fuskoki da yawa, amma ma'anar kalmar ba ta da gardama. Ku riƙe wannan murfi a zuciya, za mu dawo gare shi.

NAMU NA GIDA

To, 'yan'uwa, wadda duk ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya ta san Kwanar Dangora. Nan ne hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titi, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos. Motar da ta fito daga Kaduna, da wadda ta fito daga Jos, da wadda ta taso daga ƙauyukan Kiru da Bebeji, duk a nan suke haɗuwa. Inda kuwa motoci suka haɗu, ciki ma ya haɗu.

Ku tuna abin da yakan faru idan direba ya taka burki a irin wannan mahaɗa. Kafin ƙura ta lafa an kewaye motar. Ga mai masa, ga mai ƙosai, ga mai awara da yaji, ga dafaffen ƙwai, ga dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara in damina ce, ga rake in kaka ta yi. Can gefe ga mai tsire da mai balangu, ga 'yan Fulani da fura da nono, ga zoɓo da kunun aya cikin robobi. Sai wannan fasinja ya sayi masa, wancan ya sayi tsire, wata ta sayi ƙwai, a yi ta miƙa wa juna ana cewa bismilla, ko da ba a taɓa ganin juna ba sai a tasha.

Mene ne wannan in ba tapas ba? Abinci iri iri, kaɗan kaɗan, ana ci tare ana hira. Abin da wasu suke shiga gidan gilashi su biya da tsada, mu tun kakanninmu muke yin sa a bakin kasuwa, da gidan biki, da lokacin buɗa baki a watan azumi, inda za a jera kunu da ƙosai da dabino da alale da kwaɗon zogale a tabarma ɗaya.

Kayan haɗin kuma ba daga nesa suke zuwa ba. Masara da shinkafa da waken suya da rake ana noma su a wannan yanki na kudancin Kano. Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, tana ba da kifi da ruwan noman rani. Hannun da ya sarrafa waɗannan kaya kuwa, in ka cire mahauta da masu shayi, hannun mace ne. Ita ce ta jiƙa shinkafar masa tun jiya, ta kai niƙa, ta tashi kafin assalatu ta hura wuta ta ɗora tanda. Ita ce ta tace waken suya ta dafa ta matse ta yanka. Matafiyi bai taɓa ganin fuskarta ba, amma girkinta ne ya riƙe shi har ya isa gida.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. A yankin Balensiya na Sifaniya suna da wani farin abin sha mai sanyi da suke kira orchata, wanda baƙi suke yin layi su saya lokacin zafi. Da me ake yin sa? Da aya. Ana jiƙa ta, a niƙa, a tace, a sa sukari. Kunun aya ke nan ba ragi ba ƙari, sai dai mu mun fi su da dabino da kwakwa da citta. Kuma da yake ayar da suke nomawa ba ta isar su, sukan sayo daga ƙasashen Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nijar, inda jihar Maraɗi ta shahara da nomanta. Watau ayar Bahaushe ce take ƙetare teku a zuba ta a kofin gilashi a kira ta da wani suna. Saboda haka kada wata yarinya ta raina sana'ar uwarta don ta ga hoton farantin Turawa.

Tun da abincinmu bai gaza nasu daɗi ba, ina bambancin yake? A ganinmu abu biyu ne. Na ɗaya murfi, na biyu wurin zama.

MAGANAR MURFI

Mu faɗa wa juna gaskiya. Farantin da aka ɗauko daga gida da safe a buɗe, ya yini a bakin titi, manyan motoci suna wucewa suna tayar da ƙura da hayaƙi, ƙudaje suna tashi daga kwata suna sauka a kai, mai saye yana taɓa wannan ya ajiye ya ɗauki wancan da hannun da ya ƙirga kuɗi, wannan faranti ba abin da uwargida za ta so ta ba ɗanta ba ne. To, me ya sa za a ba ɗan wani?

Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Kano tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wannan cuta ta ruwa da abinci take shiga ciki. A cikin wannan shekara dai, a birnin Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya, saboda shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Waɗanda suka haɗa abin shan nan a gidajensu ba su yi nufin cutar da kowa ba, araha suka bi. Amma rai in ya fita ba ya dawowa don an ce ba da gangan ba ne.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. Iyayenmu ba su taɓa fitar da ƙwaryar fura ba tare da faifai a kanta ba. A koma ga wannan. Masa da ƙosai da awara a zuba su a mazubi mai murfi wanda ake ganin ciki, a ɗauka da cokali mai yatsu ko tsinke, mai saye ya nuna da baki, hannu ya zauna a aljihu. Ruwan zoɓo da na kunun aya a tafasa shi, robobin a wanke su da sabulu, kuma a daina tsintar su a bola ko a bayan asibiti. Kunun aya ba ya jimirin zafi, in babu sanyi a yi kaɗan wanda zai ƙare da wuri. Man suya in ya yi baƙi ya fara kumfa, kwanansa ya ƙare. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida ba abin naɗe abinci ba ne. Garin lemo ko ɗan tsami wanda ba shi da lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a bar wa mai shago kayansa kome araharsa. Rigakafi ya fi magani.

Kuma kada ku ɗauka wannan asara ce. Direba ba ya manta inda ya ci ya kwana lafiya, ba ya kuma manta inda ya ci ya yi ta tsayawa a daji. Shi ne zai gaya wa fasinjojinsa wurin wa za su saya.

MAGANAR WURIN ZAMA

Abu na biyu ya fi na farko nauyi. A can Sifaniya abinci yana zaune wuri ɗaya, mai ci ne yake tattaki ya same shi. A nan wurinmu mai ci yana zaune cikin mota, abinci ne yake bin sa da gudu. Kuma a kan wa yake gudun? A kan yarinya 'yar shekara 9 ko 12, wadda a daidai wannan lokaci ya kamata a ce tana aji da fensir a hannu.

Ku dubi titin nan da idon uwa. Babbar hanya ce ta tirela da tanka da motocin da ba su san ana rage gudu ba. Yarinya tana tsallakawa da faranti a ka, idonta yana kan wanda ya kira ta, ba ya kan motar da ke tafe. Wani lokaci mota ta tashi ba a ba ta kuɗinta ba, ta bi ta a guje tana kuka, domin ta san abin da za ta tarar a gida in ciniki bai cika ba. Ban da wannan, akwai maganar da ba ma son faɗi a jarida, amma kowace uwa ta san ta: irin zancen da kunnen budurwa yake ji a tasha, da irin mutumin da yakan saye faranti duka ya ce a kai masa ɗaki. Ribar awara ba ta isa ta biya wannan ba.

Mun san amsar da wasu 'yan'uwa za su ba mu, kuma ba mu raina ta ba. Za su ce ni matar aure ce ba na fita, in yarinya ba ta kai ba wa zai kai? Za su ce da kuɗin tallan nan ake sayen sabulu da magani, da shi ake tara kayan ɗakinta, in ranar aurenta ta zo ba gado ba kwano, ni za a yi wa dariya. Za su ce tsadar rayuwa ta kai inda abin da maigida yake kawowa ba ya kai wa ko'ina. Duk gaskiya ne. Wanda ya ce wa mace ta daina sana'a bai nuna mata wata hanya ba, bai san zafin murhu ba.

Shi ya sa hani kaɗai bai taɓa raba mu da talla ba. An kawo shirin ilmin firamare kyauta a 1976. An yi dokar ƙasa a 2004 wadda ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne. Jihar Kano ta yi tata dokar ta ilmi kyauta kuma dole a 2020, sa'an nan a 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Duk da haka faranti bai sauka daga kan yara ba, domin doka ba ta sayar wa uwa masarta. Muddin abinci ba shi da wurin zama, sai an sami ƙafar da za ta yawata da shi, ƙafar da ta fi araha kuwa ita ce ta 'yar gida.

ABIN DA MUKE GANI

Shawararmu ita ce a zaunar da abincin. Matan unguwa biyar ko shida su haɗa kai, kamar yadda suke haɗa adashi, su kafa rumfa ɗaya mai tsabta nesa kaɗan da bakin kwalta. Kowace ta ci gaba da girka abin da ta fi iyawa a cikin gidanta, wannan masa, wannan ɗanwake, wannan awara, wannan dambu, wannan zoɓo. A sami babbar mace mai hankali, bazawara ko dattijuwa wadda take fita, ko wani amintacce daga cikin dangi, a ba ta riƙon rumfar, a yanka mata ladanta daga cikin ciniki. Abinci a kai shi da safe kafin a tafi makaranta, kwanuka a ɗauko su bayan an taso. A sa benci da tabarma, da buta da sabulu na wanke hannu, da labule a gefe ɗaya domin mata matafiya, waɗanda sau da yawa sukan haƙura da yunwa a cikin mota don ba su da inda za su zauna cikin mutunci.

A nan ne dabarar 'yan Sifaniya za ta yi mana amfani. A sayi ƙananan faranti, a yi wa matafiyi haɗi: masa biyu, awara uku, ɗan kwaɗo, ɗan kifi, da kofin kunu, a kuɗi guda sananne. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki faranti ɗaya, masu iyali su ɗauki biyar su ci tare. Ta haka kayan kowace mace ya shiga ciniki, ba a bar na wata ya kwana ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna kira ga ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da sauran masu garuruwa a bakin titi, su ɗauki nasu kason. Abin da ake nema bai fi ƙarfinsu ba: fili inda mota za ta tsaya ba a kan kwalta ba, da famfo ko rijiyar burtsatse, da makewayi na maza da na mata, da ma'aikatan duba-gari masu koyarwa kafin su ci tara. Shugabannin ƙungiyar direbobi su ma suna da ta cewa, domin inda suka tsayar da mota nan ciniki yake. Hakimai da dagatai da limamai kuwa, kalmarsu ɗaya ta fi takardar sanarwa goma.

Uwargida, ki karanta wa maigida wannan sashe. Akwai magidanta da sukan tsaya wajen mai tsire da mai shayi kowane dare, su ci nama da ƙwai da abokai, su shigo gida suna sakace, alhali yara sun kwana da tuwon da ba mai. Hausawa suka ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Daɗin cin abinci a waje shi ne a ci tare. In ba za a fita da iyali ba, a ƙunso a kawo, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida kowa ya sa hannu. Kuma kuɗin tsiren mako guda, in aka tara, zai rage wani abu daga cikin abin da ake tura yarinya titi ta nemo.

Ku kuma 'yan makaranta, kada wadda take cikin aji ta yi wa mai talla kallon raini, domin ba ita ta zaɓa ba. Ki taya mahaifiyarki aikin sana'arta da yamma da ranakun hutu, ki koyi hannunta tun tana da ƙarfin koya miki. Sa'an nan ki kawo mata abin da makaranta ta ba ki. Ki ɗauki littafi ki rubuta mata kuɗin wake da mai da itace da niƙa, ki fitar mata da riba, domin da yawa daga cikin iyayenmu suna wahalar wuta ne ba su san uwar kuɗi suke ci ba. Ki karanta mata ranar lalacewa a jikin kayan da take saye. Wata rana ke ce za ki buɗe gidan abincin da za a jera masa da awara da kunun aya a ƙananan faranti, baƙi su shigo su zauna su biya da daraja.

Kafin wannan rana ta zo, abin da ke hannunmu gobe da safe guda biyu ne: a sa wa kwano murfi, a sa wa yarinya kayan makaranta.

Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya tsare mana zuriya. Sai mun sake saduwa.